Aiken Mushe Isufu

Karo na uku ke nan tayar baya ta sace tun daga Tawa. Mijinyawa ya jingine moton, wato babur ɗin, a gindin wata ƙaya, ya zauna a kan rairayi mai zafi, ya kira sunan shugabansa ya zage shi.

Daminar 1964 ce. Shekara huɗu yana aiki a biro, wato ofishin awon yanayi, a Yamai, bai taɓa wuce Doso ba. Ranar wata Talata da safe, ko zama bai yi ba, shugaban nasa Isufu, wanda suke ce wa Mushe irin na Faransanci, ya kira shi. Ya ce ma'aunin ruwan sama da ke Timiya, can cikin duwatsun Abzin, ya lalace, ya tashi yanzu ya je ya gyara.

"Mushe, cikin matata Salamatu wata tara ne. Yau ko gobe."

"Na sani. Ga makullin motona, na cika shi da isansi. Kada ka biya gida, ni zan aika masu."

Bai ko dubi Mijinyawa ba, idonsa na kan taga. Ya ce kada ya sauka a masaukin gwamnati, kada ya buga waya, kuma kada ya juyo sai ya auna ruwa uku da hannunsa. Akwai tuzurai biyu a biron, amma mai jiran haihuwa aka zaɓa.

Bayan Ingal sama ta ɓalle. Hanya ta zama kunu, moton ya nutse har rabi. Kwana biyu yana turawa, yana kankare laka da sanda, tana sake cikawa. A Agadas ya tsaya ƙofar gidan waya har inuwa ta juya, sannan ya tuna umarni, ya yi tsaki ya wuce.

Daga nan sai duwatsu. Hanyar raƙuma ce, tana hawa tana lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu. Da asuba sanyi ya sandarar masa da yatsu har ya kasa kama birki. Da rana injin ya yi zafi ya mutu, sai ya jira ya huce. Da la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin daga bayan tsauni.

Wata rana yana tsakiyar busasshiyar korama, ya ji wani makiyayi yana ihu daga kan tudu yana ɗaga sanda. Ko ɗigo bai sauka a wurin ba. Ya dai murza moton ya haye gaɓa. Kafin ya sauke ƙafa, ruwa ya zo da ruri, jajir, ɗauke da itatuwa. Jakar guzurinsa da ta faɗi a hawan ta bi ruwa. Kwana uku ya yi nan yana shan nonon akuya wurin makiyayin, yana jira korama ta janye.

Ya isa Timiya leɓe a tsage, gwiwa a kumbure. Idrisa, tsohon sojan da ke kula da ma'aunin, ya kai shi bayan wata gonar dabino. Ga abin nan tsaye a kan ƙarfensa, tsaf, ko tsatsa babu.

"Wa ya ce ya lalace?" in ji Idrisa. "Ni dai ban aika wa kowa ba."

Mijinyawa ya cire hula ya buga da ƙasa.

Saura ruwa uku. Ruwan da ya bi shi yana duka tun daga Ingal, yanzu ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Kafin ruwa ukun su cika, kwana goma sha shida yana zaune yana kallon sama, yana lissafin ko an haihu, ko an yi suna, ko ma Salamatu ta tashi lafiya. A nan ya rubuta takardar barin aiki, ya yaga, ya sake rubuta wadda ta fi zafi.

Ranar kwana na arba'in da ɗaya ya shigo Yamai. A gida ya tarar da 'ya mace, an sa mata Hawwa, ya ɗauke ta. Salamatu na ganinsa ta fashe da kuka, ta riƙe masa riga.

"Malam, zauna, akwai magana."

"In na dawo."

Ya miƙa mata jaririyar, ya hau moton da ƙurarsa da komai. Duk hanya yana maimaita abin da zai faɗa: ma'aunin lafiyarsa lau, ga makullinka, ga takardarka, Allah ya isa.

Ƙofar ofishin Mushe Isufu a kulle take. Sumana, tsohon mai gadin biron, yana zaune a kan benci.

"Baba Sumana, ina yake?"

Tsohon ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ashe ba a faɗa maka ba. Ranar da ka tafi, ko azahar ba a yi ba, mutum uku suka zo cikin mota marar lamba, da takarda a hannu. Ka san irin ɗaukar da jami'an gwamnati ke yi bana, ba a tambayar inda aka kai mutum. Makon jiya muka ji wai kuskure ne, wani mai suna iri ɗaya ake nema."

"Sunan wa ke cikin takardar?"

"Naka, ɗana. Sau uku suka tambayi Mushe inda ya aike ka, sau uku ya ce bai sani ba. Shi suka sa a motar, kuma har yau bai dawo ba."