Ƙarfen da ke Adudun Inna

Bayan sadakar bakwai na zauna haɗa kayan Inna, mahaifiyata. A ƙasan adudunta na tarar da wani ɗan ƙarfe mai haƙora, ƙulle cikin tsumma. Ban taɓa ganin irinsa ba, sai na kai wa ƙanwarta, Iya Tabawa.

Tana gani ta damƙe hannuna, ta waiga wajen ƙofarta da ke wangale, kamar kowace ƙofa a garin nan tun da aka kafa Dokar Buɗe Ƙofa.

"Lantana, ɓoye shi! Makulli ne. Da shi ake kulle ɗaki a zamanin da."

Lokacin da nake jego, mijina Mudi ya kafa 'yar ƙusa a bayan ƙyaurenmu don kada iska ta riƙa bugun jaririya. Inna da ƙafarta ta je ta kai ƙararsa. Aka tafi da shi, har yau bai dawo ba. Ina kuka, tana ce mini doka ba ta san suruki ba.

"Iya, ko dai don tunawa ta ajiye shi?"

Na murza ƙarfen, ko ɗigon tsatsa babu. Yatsuna suka yi maiƙo da man gyaɗa, ƙamshinsa bai ma gushe ba.

"Ina ƙofar take, Iya?"

Ta sunkuyar da kai, hannunta ya tafi kan zaren da ke wuyanta.

Na ce, "Ke ma?"