Takun Makashi

Ina kunna kiɗan da na haɗa wa makashin fim ɗinmu, Yaya ta saki kofin da ke hannunta.

Darakta ne ya ce kiɗan fim na farko ko kaza bai tsorata ba, a na biyun yana son wanda zai sa 'yan kallo waiwaye. Na zuba jita mai kururuwa, na ƙara ganguna, ya ce hayaniya ce kawai. Sai na kwashe su duka, na bar dirar ƙafa mai nauyi, jan ƙafa, sannan ƙarar makullai.

"Tsayar da shi," in ji Yaya. "Don Allah."

Baba, da na gayyato ɗakin naɗar sauti ya ga aikina, ya yi dariya.

"Kai, ni kaina tsigar jikina ta tashi! Ina ka samo wannan?"

Yaya ta rufe tsohon tabon goshinta da hannu.

Baba ya miƙe zai fita. Ya dira ƙafar dama, ya ja ta hagu, makullan aljihunsa suka yi ƙara.

Na dubi na'urar. A kashe take.