Borin Jinin Tela

"Ba ƙwai ba ne, ba kifi ba, ba gyaɗa ba," in ji likita, tana duba sakamakon gwajin jinin.

Matar tela ta leƙa takardar. Tun da borin jini ya kama mijinta, jiki kullum ruɗu-ruɗu, babu abin da ba ta hana shi ci ba. Ta canja sabulu, ta canja katifa, har turarenta ta kyautar. Kowa a gidan ya rame, susa kuwa sai abin da ya ƙaru.

"Gashin kyanwa gwajin ya nuna," in ji likita. "Kuna da ita a gida?"

Matar ta yi dariya. "Likita, a sake gwajin nan. Mutumin nan ko hoton kyanwa ba ya son gani. Wadda autarmu ta tsinto bara, da kansa ya sa ta a kwali ya fita da ita, yarinya tana ta kuka."

Likita ta dubi tela. Tela ya dubi silin, yana susar wuya.

Can ya yi gyaran murya. "Likita, 'ya'yanta ma suna jawo borin, ko sai babbar?"

Matar ta juyo a hankali. "'Ya'yan wa, Baban yara?"

"Ai ruwa ake yi ranar, shi ne na ajiye ta a shago kafin ya ɗauke."

"Tun bara bai ɗauke ba? Tsaya ma. Matashin kaina da ya ɓata, har na zargi ƙanwata?"

Tela ya sunkuyar da kai.

"A kansa ta haihu," in ji shi.