Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar nan, kyamarar talabijin ba ta ƙirga mamaci sai wanda ya haife shi ya ambaci sunansa a gabanta. Wai maganin ƙaryar 'yan jarida ke nan.

Shekara ashirin Baraka tana ɗauko rahoton yaƙi da ambaliya, aikin bai taɓa ƙona mata rai kamar yau ba. Tsaye take cikin laka har gwiwa gaban Iya Tabawa, wadda ruwa ya ci ɗanta jiya da madatsar ruwan garin ta ɓalle.

"Iya, don Allah ki faɗi sunansa. Sau ɗaya tak."

"'Yar nan, ɗan fari ne fa. Shekara arba'in bakina bai kama sunansa ba, sai yau da ya kwanta dama?"

"In ba ki faɗa ba, a wajen hukuma bai mutu ba! Ba mai zuwa gyara madatsar."

Tsohuwar ta kalli kyamarar.

"Yaron nan," in ji ta, "shi ya goyo ni ya fitar, ya koma ɗauko 'ya'yansa."

Baraka ta duba allon kyamarar, ta ja tsaki. Adadin mamata bai motsa daga sifili ba. Ta na'urar da ke kunnenta edita yana cewa, "Madalla, tunda ba asarar rai, ki wuce gari na gaba."