Layi Mai Lamba 4417

A shekarar 2008 kamfanin intanet na garinmu, can tsakiyar gonakin masarar Nebraska, ya kafa na'urar da ke tattara duk abin da jama'a ke nema a intanet, a sayar wa masu talla. Lauyan kamfani ya ce doka ta yarda, muddin na'urar ta ɓoye sunaye ta bar lambobi, kuma idon mutum bai leƙa ba.

Wendell Hruska, mai kula da na'urar, ya leƙa. Mutumin kirki ne, sai dai shegen son gulma.

Ranar Talata da hantsi, layi mai lamba 4417 ya tambaya: ƙwayar maganin ciwon zuciya nawa ke kashe babban mutum? Laraba: ana jin ɗacinta a kofi? Alhamis: likita yana ganewa a jikin gawa?

Wendell ya faɗa ofishin manaja Marlys Oberg yana haki. Ita kaɗai ke riƙe da kundin da ke nuna mai kowace lamba.

"Manaja, na rantse za a kashe wani a garin nan. Buɗe kundi mu ga ko gidan wa ne."

"Kai, rufe ƙofar nan! Ɗan sanda ya ce a ina ka gani, ka ce me? Shekara biyar a gidan yari, ni da kai. Da wannan lallaɓaɓɓiyar lafiyar taka ko biyu ba za ka kai ba. Ba ka ga komai ba, ka ji ko?"

Tsoro ya ci ƙarfinsa, ya bar maganar. Ko matarsa Dorene bai gaya wa ba. Ranar Lahadi a coci ya dinga bin tsofaffi da kallo, yana tunanin wanne ne a cikinsu. Abin tausayi.

Daga nan 4417 ya daina tambaya. Wendell ya yi ajiyar zuciya, ya ce ƙila mai abin ya tuba.

Shi ya sa na tsani na'urar nan har gobe. Ta sani, shi ma ya sani, amma wanda za a kashe bai sani ba.

Bayan mako biyu aka yi rasuwa a garin, likita ya rubuta bugun zuciya. Marlys ta dawo daga maƙabarta, ta kulle ofis, ta buɗe kundin.

4417: gidan Wendell da Dorene Hruska. Wendell ɗin da ta baro a kabari.