Ranar da Mota Ta Katse Baba Yoila

Baba Yoila ya miƙe ke nan zai sa wa jikarsa albarka, motar da ke gefen rumfa ta ɗauki ruri.

Ranar baikon Praise ce, 'yar Ishmael, a gidansa da ke GRA. Dangin ango sun cika kujeru, kowa ya miƙa wuya yana jiran tsohon malamin makaranta, wanda rabin mutanen wurin sun bi ta ajinsa. Ya kai ga cewa, "Yarinyar nan ta tafi ta bar mu," sai injin ya haɗiye sauran.

Ketura ce zaune a mazaunin direba, gilashi a sauke. Ita ta kawo Baba daga Ajilari, inda take riƙe da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Motar ta yayanta Ishmael ce, babba mai shan dizal, ya ba ta don kai Baba asibiti. Ta bar ta a kunne ne saboda esi ya sanyaya cikinta, don tsohon ba ya jure ranar Maiduguri.

Rurin ya lafa. Baba ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba mu haƙurin…" Injin ya sake tashi, wannan karon har wata tsohuwa ta toshe kunne. Wani kawu ya yi maza ya ce amin, jama'a suka amsa, aka zaunar da Baba.

Ishmael kuwa ya taso kamar zai tashi sama, babbar riga na jan ƙasa.

"Ke Ketura! Uban namu za ki katse a gaban surukai? Fito ki durƙusa ki ba su haƙuri!"

Ta fito. Amma durƙuso? Allah ya kiyaye. Ta tsaya ƙyam, ta gyara ɗaurin zane.

"Yaya, ba ni da abin ba da haƙuri a kai. Motarka ce, ka tambaye ta."

Kowa ya san Ishmael ya daɗe yana neman dalilin ɗauke Baba ya dawo da shi GRA, inda akwai janareto da mai aiki, inda kuma zai wuni shi kaɗai a ɗaki yana kallon bango. Baba ya sha cewa gara masa bencinsa na ƙofar gida a Ajilari, inda masu wucewa ke tsayawa gaishe shi. Yau Ishmael ya samu dalili, bai kuma ɓoye ba.

"In ta tabbata ƙafarki ce ta taka totur, ki ajiye mini makulli. Baba kuma daga yau a nan zai kwana."

Tsoro ya kama Ketura. Amma ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Aka yi sa'a Malam Ba'ana na cikin 'yan gayya, bakaniken unguwar Umarari da ke duba motar tun zuwanta. Ya ajiye farantin shinkafa ya taho yana suɗe yatsa. Ya zagaya motar, ya kara kunne a bonet, ya tsuguna ya shinshina salansa. Ya ɗan daɗe a tsugune fiye da yadda aikin ke buƙata. Da ya ɗago, Ketura ya fara kallo, sannan Baba.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Hausarsa ta Barebari, "motocin dizal na yanzu haka suke. Akwai tukunya a salansa mai tare baƙin hayaƙi. In ta cika, injin da kansa yake ɗaga sulo, ya ƙara gudun juyawa, ya ƙone dattin, ko mota na tsaye. Ba ya neman izinin kowa. Motar da ba ta wuce gida zuwa asibiti, ai dole."

Wani daga dangin ango ya ce wallahi ta ofishinsu ma haka take yi, har direba ya taɓa shan faɗa a banza. Aka kwashe da dariya. Ishmael ya tsaya yana mazurai.

Ketura ba ta ƙyale shi ba. "To Yaya, wa zai durƙusa? Ni ko motar?"

Ya ja tsaki ya koma rumfa.

Ba ta jira a raba goro ba. Ta je ta kamo hannun Baba, tana amsa gaisuwa a madadinsa, duk wanda ya nemi jansa da hira ta ce rana ta buge shi. Ta zaunar da shi a baya, ta ɗaura masa bel.

A bakin get Ba'ana ya tsayar da ita, ya sunkuyo ta taga, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama Ketura, ni dai na yi ƙarya saboda Malam, shi ya koya mini rubuta sunana. Amma tukunyar nan ni na cire ta da hannuna tun bara."

"Na sani," ta ce. "Na gode."

Sai da suka hau kwalta ta saki numfashi, ta sassauta ƙafarta ta dama a kan totur. Baba ya juya yana kallon rumfar tana nisa, ya girgiza kai cikin jimami.

"An taru ƙwarai, Ketura, an gode wa Allah," ya ce. "Amma kin ce wa ya rasu ne?"