Kujeru Ɗari Uku

Har rana ta raba, mutum goma sha tara ne kawai a kan kujeru ɗari ukun da manajan wani gidan rediyo ya jera don jana'izar mahaifiyarsa a wani ƙauye bayan Kumasi. Makaɗa sun gaji sun kifa ganguna. Shi kuwa manajan gidan rediyon, naɗe cikin jan zanen makoki, sai duba waya yake yi: mutum dubu biyu sun aiko masa da hoton kyandir na ta'aziyya.

Su ne dai 'yan dandalin tasharsa na intanet da suka daɗe suna masa tsiya: "Wa ke sauraron sunayen matattu da sassafe?" Da ya sa ƙuri'a, kusan dukansu suka ce a soke. Wata guda ke nan da ya cire sanarwar rasuwa ya sa waƙoƙi, suka yi ta yaba masa.

Sai ga wata tsohuwa mai sayar da kifi tana haki, da kayan kasuwa a jikinta.

"Ɗana, yanzu na ji a mota! Shekara arba'in rumfarmu ɗaya da mahaifiyarka kafin ta dawo ƙauye, shi ne za ka binne ta a ɓoye?"

"Mama, ai na sanar a intanet."

"A ina?"

Ya nuna mata wayar.

"Kullum ƙarfe shida duk kasuwa tasharka muke kamawa," in ji ta. "Da ka yi shiru, ai mun ɗauka an daina mutuwa ne."

Wayar ta sake motsi a hannunsa. Wani kyandir ɗin ne.